Gwaggon Abijan da Itatuwan da Ta Ce Kada a Sare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, a gidanmu na Limawa cikin Dutse. Da hantsi ta cika, bayan azahar aka kai ta makwancinta.

Ban zaci za a taru haka ba. Mace ce da ta yi kusan shekara arba'in ba ta ƙasar nan, da ta dawo kuma ba mai yawan fita ba ce. Amma tsakar gida ta cika da mata har zaure, maza kuwa sai da aka aro tabarmi daga masallaci. Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, wadda ita da Gwaggo suka daɗe suna faɗa a kan kaji suna shiryawa, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Gwaggo ta ƙi shiga. Duk wadda ta zo yi mata gaisuwa sai ta ce, “Ta huta da kasa kunne.” Limamin unguwa ya ce bai taɓa wucewa ta bayan ɗakinta zai tafi masallaci bai jiyo ta tana addu'a ba, kuma kullum addu'ar ta wanda ke nesa ce. Wani dattijo mai fataucin goro ya taso tun daga Kano, ya zauna kusa da Baba, yana ta share ido da bakin rawaninsa.

Kowa idan ya gama gaisuwa sai ya ja ni gefe ya rage murya: “An samu an sanar da ɗanta?” Nakan ce ana nan ana ƙoƙari. Gaskiyar magana ba mu san inda za mu aika ba, ba mu ma san ko akwai wanda za a aika wa ba. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani game da ita, saboda jikokinta mata biyu da ke gidanmu, kada su tashi su ɗauka kakarsu tsohuwa ce kawai mai rediyo a cinya.

Gwaggon Abijan ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa zama a birnin Abijan ba. A wajen mutanenmu duk ƙasar Kodebuwa Abijan ce. Mijinta goro yake fatauci, da suka yi aure ya tafi da ita, suka zauna a wani ƙauye cikin kurmi yamma da garin Dalowa. A can ya samu fili a hannun masu ƙasa, ya sare daji ya dasa kofi. Ɗa ɗaya Allah ya raya musu, shi ne taubashina, wanda ya girme ni, kuma sau biyu kacal na taɓa ganinsa. Da mijin ya rasu aka binne shi a gefen gonar. Ita kuma ta zo gida ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa, daidai lokacin da ni ma aka dawo da ni aiki daga Kano. Ta ce damina ɗaya za ta yi ta koma. Ciwon gwiwa ya kama ta, Baba ya ce ba zai bar yayarsa ta hau motar kwana da kwanaki ba. Haka damina ɗaya ta zama ragowar rayuwarta.

Da buhu biyu ta sauka, cike da wasu 'ya'ya masu tauri, kore-kore, da tsaga a tsakiya. Umma ta ɗebo a tafin hannu ta jujjuya ta ce, “Yaya, wannan wake ne ko gurjiya?” Gwaggo ta ce, “Kafe ne. Shi ya ciyar da mu, shi ya yi mana rufin kwano.” Mu dai kofi muka sani, na gwangwani a teburin mai shayi, sai gahawar da alhazai ke ba da labari. Ba mu taɓa ganin ƙwayarsa ba.

Bayan la'asar take soya shi a kasko kan gawayi, tana juyawa har ya yi baƙi ya fara ƙara, ta daka a ɗan turmi, ta tafasa da citta da kanumfari. Ƙamshin har bakin titi. Ni sunan mahaifinta aka sa min, don haka Babana take ce min. Idan na tashi daga sakatariya sai na biya Limawa a kan babur kafin in wuce gidana a Takur, ta zuba min a ƙaramin kofi, ta hana ni sa madara.

A nan na ji labarin shekarun daɗi. Ta ce a lokacin gwamnatin can ce ke yanka farashi, ta kuma saye duk abin da aka noma. Idan itatuwa suka yi fure gona takan yi fari fat, ƙamshi ya hana mutum tashi daga wurin. Idan 'ya'yan suka nuna suka yi ja, mata da yara su tsinka, a shanya a dandamalin siminti, manyan motoci su yi layi. “An ce mana duk Afirka babu wanda ya kai mu,” in ji ta. “Duk duniya ma in ka cire Barazil da wata ƙasa maƙwabciyarta, mu ne. Sai rana ɗaya aka ce an raba farashi biyu. Itacen yana nan yadda yake, ruwa bai fasa sauka ba, mu ma ba mu fasa aiki ba. Wai manyan ƙasashe ne suka ɓata a kan yarjejeniyarsu.” Ta kurɓa ta ce, “Ku nan gero in ya faɗi ku ci abinku. Kafe in ya faɗi, Babana, me za ka yi da shi? Ba a tuwo da shi.”

Tana da ƙaramar rediyo wadda aka ɗaure eriyarta da waya. Duk wani shirin Hausa na ƙasashen waje sai ta saurara, safe da rana da yamma. Siyasa ba ta dame ta ba. Kalmomi uku take jira: kofi, Barazil, Abijan. Da ta ji ɗaya sai ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ko da Baba ne ke magana. Saƙon ɗanta kuwa a kaset yake zuwa, ta hannun dattijon nan mai fataucin goro. Takan saurari kaset ɗaya har zaren ya fara ja.

Akwai shekarar da sanyi ya ƙona gonakin kofi a Barazil. Rediyo ta faɗa, ba a jima ba kaset ya iso, muryar taubashina cike da murna: farashi ya tashi, ya gyara rufin ɗaki, matarsa ta haifi mace. Ranar Gwaggo ta tashi ta taka rawa da gwiwar da take kuka da ita, matan gida suna tafi. Washegari na same ta zaune jugum, ba ta ko hura gawayi ba.

Na ce, “Gwaggo, lafiya?”

Ta ce, “Babana, mutanen Barazil ɗin nan, su ma talakawa ne masu gona?”

Na ce akwai manya, akwai kuma talakawa da yawa.

Ta ce, “To jiya wata tsohuwa irina tana can tana kallon itatuwanta sun ƙone, ni kuma ina nan ina rawa. Astagfirullah.”

Ranar Juma'ar da ta biyo ta sa aka soya waina aka raba sadaka. Da tsohuwar maƙwabciyarmu ta tambaya sadakar ta mece ce, ta ce ta manoman Barazil ce. An daɗe ana dariyar wannan a unguwa. Ita ba ta yi dariya ba.

Daɗin bai jima ba. Bayan 'yan shekaru sai wani sabon suna ya shigo rediyo. Wata rana tun ban kafe babur ba ta ce, “Ina ne Biyatnam?” Na ɗauko littafin taswira na 'yan makaranta na nuna mata, can gabas, wata siririyar ƙasa a bakin teku. Ta ɗora yatsa a kai.

“Ba su ne aka ce yaƙi ya cinye ba?”

“Su ne, Gwaggo.”

“Yanzu kuma kafe suke nomawa?”

Na gaya mata abin da na ji, cewa sun dasa da yawa, irin nasu kuma irin na gonarta ne, mai ɗaci, ga shi suna sayarwa da arha, har sun wuce kowa in ban da Barazil. Ta daɗe tana kallon taswirar, sannan ta ce, “Allah ya ba su nasu lokacin, sun sha wuya. Amma mu namu itatuwan sun tsufa. Tsoho ba zai iya tsere da yaro ba.” Daga ranar barcinta ya ragu, abincinta ya ragu. Umma ta ce min ko tuwo aka kai mata sai ta ɗan taɓa ta ture.

Kaset ɗin da ya zo bayan nan shi ya haɗa ta faɗa da Baba. Taubashina ya ce abin da ake biya bai kai ladan masu tsinka ba. Maƙwabta duk suna sare kofi suna dasa koko. Ya ce kuma maganganu sun fara canzawa a ƙauyen, 'ya'yan waɗanda suka ba mahaifinsa filin sun fara cewa aro ne ba sayarwa ba, ana kiransu baƙi, shi da aka haifa a can. Ya tambayi mahaifiyarsa abin da take gani.

Ni na riƙe rikoda za a ɗauki amsa. Kafin in danna, Baba ya ce, “Yaya, ki ce masa ya sayar tun da sauran mai saye, ya kwaso iyalinsa ya dawo. Ga gonar gado can hanyar Kafin Hausa, ya noma riɗi.”

Ta ce, “Riɗi. Mutumin da bai taɓa riƙe garma a yashi ba.”

“Zai koya. Ƙasar mutane ce, Yaya, ranar da suka so za su karɓi abinsu.”

“Ubansa yana kwance a gefen gonar nan. Ya sayar da kabarin ubansa? Da hannuna na yi renon itatuwan nan tun suna cikin leda. Ina ɗauke da cikinsa nake ba su ruwa.”

Baba ya ce, “Itace kike tunani, ni ɗanki nake tunani.”

Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba. Ta ce, “Kai ne za ka koya min tunanin ɗana? Ni na goya ka.” Ta juyo wajena ta ce, “Danna.” Na danna. Ta gaishe shi, ta gaida matarsa da yara, sannan ta ce, “Kada ka sare, kada ka sayar. Farashi ya taɓa faɗuwa ya tashi. Ka riƙe amanar ubanka.”

Baba ya tashi ya fita. Ya ba dattijon mai goro nasa saƙon da baki, amma taubashina maganar mahaifiyarsa ya bi. Gwaggo da Baba suka daɗe ba sa haɗa ido. Da safe yakan tsaya a bakin ƙofarta ya ce, “An tashi lafiya?” ta amsa daga ciki, shi ke nan. Ita ce ta fara saukowa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ta rarrafo da sandarta har ɗakinsa, ta zauna a ƙasa tana shafa masa ƙafa, ba wanda ya ambaci gona.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, unguwa ta cika da samari masu himma. Wani ɗan maƙwabtanmu, yaron kirki ne amma da zafi, ya zo ya sami Baba a zaure ya ce ana maganar wani baƙin ruwa da ake dafawa a gidan nan, mai hana barci, ya kamata a bincika ko yana cikin kayan maye. Gwaggo ta jiyo. Ta sa aka ba shi tabarma a soro, ta dafa ta aika masa, ta ce daga bayan labule, “Sha, ɗana. In ka yi maye ni da kaina zan kai kaina gaban alƙali, ba sai an zo ɗaukata ba.” Ya sha yana yatsine fuska. Ta ce, “A Makka ma shi suke sha, sai dai nasu bai kai nawa kauri ba.” Daga baya shi ne ke zuwa roƙo idan zai yi karatun jarrabawa. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

A wannan tsakanin buhunan da ake aiko mata suka koma ƙulli a leda, kaset ma ya ja baya. Sai wata safiya, ƙarshen damina, rediyo ta ce sojoji sun yi bore a Kodebuwa, an raba ƙasar biyu. Bayan ɗan lokaci aka ambaci Dalowa. Ina wurin. Ba ta ɗaga hannu ba a wannan karon, rediyon ce ta zame daga cinyarta.

Muna da lambar wani mai kanti a Dalowa wanda ake ba wa saƙo. Kullum sai na je shagon buga waya a bakin kasuwa. Da farko tana ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Da na ji ana sauke 'yan gudun hijira a Kano na tafi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗin sunan ƙauyen. Wani ya ce an ƙone shi. Wani ya ce ba shi ba ne, na kusa da shi ne. Wani ya ce mutanen wajen sun yi Gini, wani ya ce Mali. Idan na dawo takan kalli fuskata tun daga bakin ƙofa, ta ce, “Zauna ka huta, Babana,” ba ta tambaya.

Bayan sallar layya dattijon mai goro ya iso da mace ɗaya da 'yan mata biyu, duk sun rame. Matar taubashina ce, 'yar ƙabilar Jula, da 'ya'yanta. Ta ƙasar Gana suka biyo. Gwaggo ta rungume su, suka yi ta magana da harshen Jula, harshen da ba mu taɓa jin ta yi ba. Sai muka ga ta saki matar ta koma ta jingina da bango. Baba ya ce, “Yaya, me ta ce?”

Gwaggo ta ce, “Ta ce ya sa su a mota, shi ya tsaya. Kafe ya nuna, ba wanda zai tsinka. Ta roƙe shi ya biyo su, ya ce Inna ta ce kada a bar itatuwan.”

Ina kallon Baba ina tsoron abin da zai faɗa. Ya matsa kusa da ita ya zauna a ƙasa, ya ce, “Abin da Allah ya rubuta ne, Yaya. Ba ke ba ce.” Ta ce, “Ni ce. Muryata ce a kaset ɗin.”

Ba ta sake soya kofi ba. Ragowar ƙullin da ke ɗakinta ta ba wa matar ɗanta. Duk ƙarfin da ya rage mata ta zuba shi a kan baƙin nan uku. Matar ba ta jin Hausa sosai, matan unguwa suka fara gulmar yadda take ɗaura zani da yadda take dafa rogo. Gwaggo ta tara su ranar wani suna ta ce, “Ni ma na yi baƙunta a garinsu ban san kalma ɗaya ba. Uwar yarinyar nan ce ta karɓi haihuwata. Duk wadda za ta yi mata dariya ta fara da ni.” Ba a sake ba. Ita ta sa aka kai yaran makaranta, ita ke koya musu Hausa a bakin murhu, su kuma su yi mata waƙoƙin can, ta rufe ido tana saurara.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Wayar hannu ta shigo, muka bar lambata a hannun duk wani direba da ɗan fatauci mai zuwa wajen. Sau da yawa ana kira. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana aikin lebura a gonar koko. Wani ya ce an ga gonar, wasu ne a ciki, sun sare kofin gaba ɗaya. Wannan labarin mun ɓoye mata, amma yaran suka faɗa ba da sani ba. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta ce, “Su sare. Da ma tun farko an sare.”

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta sa aka kira ni daga ofis. Gwaggo ba ta taɓa kama sunan ɗanta ba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce yaron nan. Ranar ta kira sunansa sarai, har sau biyu. Ta riƙe hannuna ta ce, “Babana, in ka gan shi ka ce na janye maganata. Ka ce babu amanar da ta rage a kansa. Ubansa ba ya buƙatar mai gadi. Ya taho gida.” Na ce in ɗauko rikoda? Ta girgiza kai. “A'a. Da bakinka.”

Bayan addu'ar uku malamin da zai raba gado ya ce ba za a taɓa kayanta ba tukuna. Magajinta ba a tabbatar yana raye ba, ba a kuma tabbatar ya rasu ba, hukuncinsa a jira. Aka rufe ɗakin aka ba Baba mabuɗi.

A makon nan wani direba ya kira daga kan iyakar Burkina. Ya ce akwai wani Bahaushe a wani gari arewa da Dalowa, ba shi da cikakkiyar lafiya, ba ya son magana, amma ya taɓa cewa mahaifiyarsa 'yar Dutse ce. An sha gaya mana irin wannan, an sha samun ba shi ba ne. Matarsa da ta ji ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ban gaya wa yaran ba. Na nemi hutu a wajen aiki, bayan sallah zan bi motocin goro. Ina tsoron hanyar, ina tsoron in je in tarar ba shi ba ne, ina kuma tsoron in tarar shi ne, in rasa ta inda zan fara.

Na faɗa wa Baba haka jiya a zaure. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “In ka same shi, kada ka fara da maganar rasuwa. Ka fara da saƙonta. Ka bari ya ji ta sake shi tukuna.”

Ya Allah ka jiƙan Gwaggo, ka yafe mata abin da ta kasa yafe wa kanta, ka sanyaya makwancinta. Wanda ta bari a nesa, in yana raye ka nuna mana hanyarsa, in kuma ya riga ta, ka sada su cikin rahamarka. Amin.